Hular Baba da Nilu Ya Tafi da Ita

Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Garba, wanda mutanen bakin ruwa a ƙasar Yawuri suka fi sani da Garba Mai-Inji. Na so in yi shiru kamar yadda na yi bara da bara waccan, in yi masa addu'a a ɗakina na unguwar Ainu Shams a Alƙahira in shafa. Amma a makon jiya wata hidima ta kai ni unguwar Ma'adi, na tsaya a bakin Nilu da la'asar, iskar arewa ta taso ta ja gefen mayafina, sai na ji kamar an dafa ni. Mu masu karatun likita ba a koya mana yarda da irin wannan ba. Duk da haka na daɗe a tsaye ina kallon ruwan, har mai shayin wurin ya tambaye ni ko wani nake jira. Na ce masa a'a, ban dai tabbata gaskiya na faɗa ba.

Baba Basarke ne, jikan masu ruwa. Mahaifinsa da filafili da gora ya ciyar da gidansa, amma shi Baba tun yana saurayi ya ce ba zai tsufa yana dambe da Kwara da ƙarfin kafaɗa ba. Shi ya fara ɗaura inji a bayan kwalekwale a ƙauyenmu, sunan kuma ya bi shi har kabari. Ranar kasuwa tun daga nesa ake jin tahowarsa, ƙarar inji a gaba, dariyarsa a baya. A lokacin akwai wasu talakawan masunta da ke ɗinke buhunan taki su ɗaga a kan gora, su zauna jiran iska ta tura su. Baba ba ya wuce su salin-alin. Sai ya kewaye su sau ɗaya, igiyar ruwan injinsa ta jijjiga su, ya ɗaga murya ya ce a gaida masu jiran Allah Ya hura. Ba mugunta ba ce, tsokana ce irin ta mai jin ƙarfi, kuma in hadari ya haɗo shi ne ke komawa ya jawo su da igiya. Abin alfaharinsa a duniya hannunsa na dama ne: fizga ɗaya yake wa igiyar inji ya tashi.

Wannan hannun ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fara ɗauka, ya haɗa da rabin maganarsa. Yayyena suka yanke shawarar a turo shi Alƙahira gashin ƙashi tunda ina nan ina karatu. Ya iso a shekarar 2011, 'yan watanni bayan hargitsin da ya kori baƙi daga garin. Ƙafar ta dawo, yana ja amma yana tafiya. Hannun kuwa ya ƙi. Magana tana zuwa masa a makare, in kuma ransa ya ɓaci ko ya firgita sai ta ƙulle gaba ɗaya, bakin yana motsi babu abin da ke fita.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. A Ainu Shams wasa ya zama gaske. Baba ya ce shi bai taɓa kai loma baki da hagu ba, kuma ba zai fara da furfura ba, don haka ni nake ba shi abinci da cokali. Ni ke ɓalla masa maɓallin riga, ni ke sa masa takalmi, ni ke ɗora masa hula kowace safiya in karkata ta yadda yake so. Ni kuwa Allah Ya yi ni da rawar jiki, kafin mutum ya miƙa hannu na riga na miƙa masa abin. Yakan wuni a bakin taga yana kallon bangon gidan da ke fuskantarmu da shanyar maƙwabta. Ba mutuwarsa nake tsoro ba a lokacin, likitoci sun ce zuciyarsa lafiya lau. Abin da nake gani shi ne mutumin da ake ji kafin a gan shi yana lafawa a gabana, kullum ana rage masa lagwani, ni kuma ban san inda ake ƙara mai ba.

Mai yi masa gashi ce ta ce in riƙa fita da shi. Rai dangin goro ne, sai da ban iska. Daga unguwarmu jirgin metro ɗaya ne yake kai mutum har Ma'adi babu canji, sai muka fara zuwa can. Na bar taragon mata na koma shiga na kowa saboda shi. Da mun shiga sai samari su miƙe suna cewa itfaddal ya Hajj, wato bisimilla zauna Alhaji, shi kuma ya zauna yana haɗe rai, don a rayuwarsa shi ke ba wa mutane wurin zama a jirgi.

Ranar farko da muka zauna a bakin kogin ya daɗe yana kallo. Ya dubi rana, ya dubi wata ciyawa da ruwa ke tafiya da ita, ya sake duban rana. Can sai ya haɗa jimlar da ta fi kowace tsawo tun zuwansa: "Uwata, ruwan nan ya ɓata hanya." A wajensa ruwa kudu yake gangarawa, haka Kwara ta koya masa, ga shi nan wani ƙaton kogi ya miƙe arewa ko kunya babu. Sai muka ji dariya a bayanmu, aka kuma amsa da Hausa: "Ruwa yana kan hanyarsa, ya Hajj. Baƙon ne ya ɓata."

Haka muka san Malam Idi. Dattijo ne siriri, Bahaushen Sudan. Kakanninsa Katsinawa ne da suka taso aikin hajji a ƙasa, suka yada zango a bakin Nilu a can Sudan, zangon ya zama gida. Yana zaune a unguwar Arba wa Nus, yana zuwa Ma'adi kullum kula da wani ƙaramin farin jirgin shaƙatawa na wani Bature da ya bar ƙasar lokacin hargitsi bai kuma dawo ba. Da ya ji Baba Basarke ne, tushensa Kabi, sai ya tafa hannu ya ce yau Allah Ya kawo masa bawansa har gida. Kowa ya san wasan Katsinawa da Kabawa. Na ga bakin Baba yana motsi, na ga idonsa ya kawo wuta, amma amsar ta ƙi fita. Sai da muka yi nisa a metro, wajen tsakiyar gari, ya dafa ni ya ce: "Wa ke gadin jirgin wani? Shi ne bawa." Washegari tun da hantsi ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. Amsar nan sai ya kai wa mai ita.

Ranar nan da na koma na tarar an sake wa wurin fasali, an yi masa shingen ƙarfe da fenti, benci ma ba wanda muka zauna a kai ba ne. Amma ruwan yana nan yana tafiya arewa abinsa. Na kama kaina ina duban rana ina duban ciyawa, kamar dai a shekarun nan kogin zai ji maganar Baba ya gyara.

Jirgin da Malam Idi ke kula da shi yana da inji a cikinsa, irin wanda ake tayarwa da makulli. Yana kuma da dogon turke a tsakiya wanda ake ɗaga shira'i a kansa, wato babban farin ƙyallen da ke kama iska. Ranar da Malam Idi ya fara fita da mu, da inji ya bar bakin kwata. Baba ya karkata kai yana sauraron ƙarar, fuskarsa a rufe, hannunsa na dama a kwance a cinya. Da muka kai tsakiyar kogi sai Malam Idi ya kashe injin, ya ja igiya, ƙyallen ya hau, ya yi 'yar kakkarwa, sannan ya cika.

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun da ya biyo baya ba. Alƙahira gari ne da ba ya rufe baki, hon na mota ya zame mana kamar numfashi. Amma a nan sai garin ya ja baya, dogayen gine-ginensa suka koma kamar zane a jikin hazo. Abin da ake ji kawai ruwa ne yana shafar katako, sai kukan igiya jefi-jefi. Muna tafiya, kuma babu abin da ke ihu don muna tafiya. Na dubi Baba na ga ya rufe ido ya miƙa kuncinsa wajen iska. Malam Idi ya ce Allah Ya yi wa mutanen Masar hanya biyu a kogi ɗaya: ruwa yana kai ka arewa, iska tana kai ka kudu, kai dai ka san wanda za ka roƙa. Baba bai buɗe ido ba ya ce: "Masu buhu." Ni kaɗai na san abin da yake nufi.

Daga nan karatu ya fara, kuma ban taɓa ganin ɗalibi mai taurin kai irinsa ba. Sandar tuƙi, wadda suke kira daffa, ba baƙuwa ba ce a wajensa, kusan haka hannun inji yake. Matsalar ita ce shekara da shekaru ya saba in yana son gudu ya murɗa hannun inji. Don haka duk lokacin da jirgin ya rage tafiya sai ka ga yana murɗa kan daffa da iyakar ƙarfinsa, busasshen katako da ba ya juyawa. Malam Idi ya kwashe da dariya ya ce ƙara mata mai, ya Hajj, ƙara, yanzu za ta tashi sama. Haka kuma ya saba ya saita hancin jirgi inda yake so ya dosa kai tsaye. Iska kuwa ba a dosarta gaba da gaba, sai dai a bi ta a kaikaice, a je wannan gaɓa a juyo waccan, ana cin hanya kaɗan-kaɗan. Baba ya ce wannan tafiyar marasa gaskiya ce. Ya saita hanci cikin iska, ƙyallen ya hau kaɗawa, jirgin ya tsaya cak, ruwa ya fara tafiya da mu inda ya ga dama. An daɗe ana haka kafin ya yarda cewa sannu ba ta hana zuwa.

Malam Idi ne ya samar wa mataccen hannun aiki. Ya ce daffa ba ta san yatsu ba, masu faluka, jiragen iska na Nilu, da ƙafa ma suke tuƙi suna shan shayi. Ya ɗauki hannun Baba na dama ya ɗora a kan sandar, ya sa ya matse ta da hamata, in zai juya ya tura da jikinsa gaba ɗaya. Hagu kuma ta riƙe igiyar shira'i, in ta gaza haƙori ya taimaka. Ni ina gefe ina sa ido, da igiya ta suɓuce na yi wuf na cafke. Wata rana Malam Idi ya ce mini a hankali: "Ya bitti, 'yata, zauna mana." Na ce ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baba ya juyo ya dube ni, ya ɗauki lokacinsa, ya ce: "Ba jinka ba ce." Na zauna, amma raina bai zauna ba.

Abin mamaki, a gida bai canja ba. Cokali yana hannuna, hula ni ke ɗorawa. Sai dai ya daina kallon bango, ya koma kallon shanyar maƙwabta don ya ga ta ina iska take busowa. A kan ruwa kuwa maganarsa takan saki. Ya ba ni labarin mahaifinsa da ban taɓa ji ba, yadda tsohon ke sanin za a yi iska daga launin ruwa tun kafin ta iso, da yadda shi ya ƙi tsayawa ya koya don yana ganin zamani ya wuce wurin.

Da lokacin komawarsa gida ya matso, sai ya ce kafin ya tafi zai fita da jirgin shi kaɗai, ya je kudu ya dawo ya ɗaure shi a kwata, ba inji, ba Malam Idi. Na ce sam. Na lissafa masa abin da na sani: ƙafa ɗaya da rabi, hannu ɗaya, bakin da ke ƙullewa lokacin da aka fi bukatarsa, ga babbar gada a arewa da kwatar wadda Malam Idi ya sha gaya mana turken jirgin ba zai wuce ƙarƙashinta ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in ya koma Yawuri a haka, tabarma za a shimfiɗa masa a zaure, yara su riƙa kawo masa ruwa, ya zama abin zuwa gaisarwa. Yana son ya san ko akwai saura. Na yi kuka a ranar, na haushi da na tausayi a haɗe.

Muka daidaita a kan zan shiga, amma a matsayin kaya. Ba zan taɓa igiya ba, ba zan taɓa daffa ba. Makullin inji zai zauna a hannuna, ba zan murɗa ba sai ya ce. Na tambaye shi in maganar ta ƙulle fa? Ya yi tunani, ya kai hagu ya taɓa hularsa, wata ɗinkakkiyar hula mai ruwan ƙasa da ya zo da ita daga gida. Ya ce in na ga ya cire ta, in tada inji. Wanda ya san dattawanmu ya san abin da wannan ke nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a waje ba. Kuma kafin ya cire ta sai ya saki igiyar da ke hannunsa ɗaya tilo. Ya zaɓi alamar da ba zai yi ta ba sai ya sallama da gaske.

Muka fita bayan la'asar, iska mai kyau tana busowa daga arewa. Ɗaga shira'in kaɗai ya ci lokaci, ya ja da hagu, ya taka igiyar da ƙafa, ya sake ja, gumi yana bin wuyansa. Na cusa hannuwana a ƙarƙashin cinyata don kada su yi abin da suka saba. Malam Idi ya kwance mu ya tsaya a kwata yana shafa gemu.

Tafiyar kudu kamar mafarki nake tuna ta. Iska a bayanmu, ruwa yana tahowa yana rabewa a hancin jirgi. Muka wuce tsibiri mai gonaki kore shar, ɓauna tana kwance a taɓo, balbela a bayanta, mata suna wanke tukwane a gaɓa kai ka ce ba a cikin Alƙahira ake ba. Wasu masunta da ke zaune da iyalinsu a cikin ɗan jirginsu suka ɗaga mana hannu, hayaƙin girkinsu ya biyo mu. Can yamma, bayan itatuwan dabino, dalar Fir'auna ta fito a dishi-dishi, rana tana gangarowa kanta. Baba yana zaune a baya, hannun dama a kan daffa kamar an haife shi a haka, idonsa rabi a rufe. Ban san ko minti nawa ba ne ko awa nawa. Na dai san a wannan tafiyar na manta cewa mara lafiya na rako.

Dawowa ya yi ta tafiyar marasa gaskiyar nan tasa, gaɓa zuwa gaɓa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da muka zo daidai kwata bai tsaya ba, ya wuce ta kaɗan. Ban tsorata ba, don wannan dokar kowane ɗan ruwa ce, a Kwara ko a Nilu: ba a tsayar da jirgi ruwa yana tura shi ta baya, sai a gota, a juyo, a fuskanci ruwan a hau a hankali. Ya gota, ya juyo da hancin jirgin kudu. A daidai nan iska ta ɗauke.

Ɗaukewa irin ta gaba ɗaya. Ƙyallen ya saki jiki ya rataye. Jirgin ya tsaya, sannan ya fara ja da baya, ruwa yana tafiya da mu wajen gada. Da farko a hankali, har mutum ya ce ba komai. Sai na fara jin rugugin motocin da ke kanta, na ga yadda ruwa ke murɗewa a jikin ƙafafunta. Na zura makullin a raminsa. Malam Idi yana bin gaɓa da gudu, jallabiya a hannu, yana ihu: "Tada injin, ya bitti! Yalla, tada shi!" Malamin da kansa ya ce a tada. Na dubi Baba. Bakinsa yana motsi babu sauti. Hula tana kansa.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, ni kuwa makulli ne a hannuna, murɗawa ɗaya. Ba wanda zai zarge ni, shi kansa Baba zai ce na kyauta. Amma na san in na murɗa, mutumin da zan kai kwata shi ne na bakin taga, kuma a haka zai ƙare. Na lura ba gadar yake kallo ba. Ya juya wuya yana kallon ruwan da ke gefenta, inda wani duhu-duhu ya fara shimfiɗuwa a fuskar kogin yana tahowa wajenmu.

Sai kawai na ga hular a sama. Ta yi juyi ɗaya ta faɗa ruwa. Yatsuna suka matse makullin, saura ƙiris. Allah ne Ya sa na dubi hannuwansa: dama tana kan daffa, hagu tana naɗe da igiya. Ba shi ya cire ba. Sandar da ke kwance a ƙasan shira'in ce ta juyo ta goge ta daga kansa, kuma sandar nan ba ta juyawa sai iska ta tura ta. Na saki makullin. Ƙyallen ya yi ƙara ya cika, jirgin ya daina ja da baya, ya tsaya kamar yana shawara, inuwar gadar tana gab da taɓa mu. Sannan ya fara hawa, taku-taku, har Baba ya kai shi jikin kwata ya sassauta igiya, ya jingina ko ƙara bai yi ba.

Kansa a buɗe, furfura a hargitse, yana dariya da rabin baki, irin dariyar da nake ji daga nesa ranar kasuwa ina yarinya. Malam Idi yana haki ya cire 'yar farar hularsa ya miƙa masa don ya rufe kai. Baba ya kauda kai ya ce: "Hular bawa? Riƙe abarka." Wannan karon amsar ba ta jira metro ba. Aka kawo shayi da gurasa, na miƙa hannu zan karɓa masa yadda na saba, sai ya riga ni. Ya ɗauka da hagu, ya yi bisimilla, ya ce Wanda Ya karɓi damar Ya san da wacce zai ci. Daga ranar ban sake ba shi abinci a baki ba. Haka muka shiga metro, dattijo ba hula, samari suka miƙe, ya ce su zauna.

Yayyena da suka ji labarin sun yi mini faɗa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Da iskar ta ƙara jinkiri kaɗan, da wani labarin ake yi, wataƙila ma ba ni ke ba da shi ba. Har yau ban manta da ƙafafun gadar nan ba. Ban ce kowa ya yi koyi da ni ba. Abin da na sani shi ne Baba ya koma Yawuri bai zauna a zaure ba. Ya sa aka ɗinka masa buhunan taki, ya kafa gora a wani tsohon kwalekwale, yana fita da yamma. Mutane suka yi ta dariya, Mai-Inji ya koma buhu, duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Wasu tsofaffin masunta har kewaye shi suka riƙa yi suna gaida mai jiran Allah Ya hura, shi kuma yana amsawa. Ciwon ya dawo masa a shekarar 2012, bai kuma ba shi wahala mai tsawo ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga abin da ya biyo baya. Da ya ga lokacin da mai ya yi wuya a ƙasar nan, motoci suka yi layi har ba a ganin ƙarshensu, jiragen inji suka kwanta a gaɓa, masu faluka kuwa suna wucewa abinsu, na san da ya yi wa Malam Idi kallon ka gani ko. Da ya ga jiragen kiɗa da suka cika kogin yanzu, masu fitilu kala-kala da lasifika mai fasa kunne, ina jin da farko zai yi tsaki, daga baya ya tambayi ƙarfin injinsu, don hali zanen dutse ne. Bai taɓa zagin inji ba, ya san inji ne ya rufa mana asiri, shi ya kawo ni Masar. Abin da zai yi masa ciwo shi ne farin jirgin. Baturen ya sayar, sabon mai shi ya cire turken don ya riƙa wucewa ƙarƙashin gadoji, ya jera masa kujerun roba. Malam Idi ya koma Sudan wajen 'ya'yansa. Na ga jirgin ranar nan yana wucewa da hayaƙi, sai da na daɗe kafin na gane shi.

Injunan da Baba ya bari an raba, wasu sun mutu, wasu an sayar. Ƙyallen buhun nasa an ce akuyoyi ke kwana a kai. In aka ce a auna abin da ya rage, ba shi da nauyi a sikeli. Amma yanzu da nake zagayen ɗakin marasa lafiya, akwai wata tsohuwa Bamisiriya mai irin ciwonsa da ke fama da cokali, rabin miyar a riga take ƙarewa. 'Ya'yanta suna harararta, suna hararata, suna mamakin wannan baƙar likita mara tausayi da ta zuba hannu a aljihu tana kallo. Ba su san da ƙyar hannuwan suke zaune a aljihun ba. Ina nan kusa, ban matsa ko taku ɗaya ba, makulli yana hannuna. Jira nake in ga ko za ta cire hula, kuma har yau ba ta cire ba.

Tasa hular ban san inda ta kwana ba. Wani lokaci ina ganinta a raina tana wucewa ƙarƙashin gadojin Zamalek, tana bin gonaki da ƙauyuka har bakin teku, a kan ruwan nan da ya ɓata hanya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa iskar rahama ta iske shi inda yake kwance, Ya kai jirginsa gaɓa lafiya. Ya bar duniya da hannu ɗaya, kuma bai taɓa kai shi ya cire hularsa ba.